Ginin Eastgate na Harare: Gara Ce Ta Sanyaya Shi ko Daren Garin?

Sagir: Salamu alaikum. Jiya aka turo min bidiyon wani gini a Harare, babban birnin Zimbabuwe, sunansa Eastgate. Shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Mai maganar ya ce tun da aka buɗe shi a 1996 ba a kafa masa babban injin sanyaya iska ba, surin gara aka kwaikwaya, kuma kashi 10 cikin 100 kacal yake ci na wutar da irinsa ke ci. Ni dai na ce in haka ne, duk mai gina filaza a Kano yana liƙa esi a kowane shago, kuɗinsa yake ƙonawa. Wa ya ja?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Ni na ja, Sagir. Ginin gaskiya ne, Mick Pearce ne ya zana shi, injiniyoyin kamfanin Arup suka yi masa lissafin iska. Amma masu bidiyo sun ƙara gishiri. Wancan kashi 10 ɗin maganar wutar sanyayawa ce kawai. Da aka kwatanta wutar ginin gaba ɗaya da ta wasu gine-gine shida masu esi a Harare, ragin kashi 35 aka samu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne 90 ba.

Hajiya Rabi: Injiniya, ni ko kashi 35 aka rage min a kuɗin gas ɗin janareta, sai na yanka rago. Yi mana bayani tukuna, ta ina sanyin ke shigowa?

Injiniya Bala: Hajiya, ranki ya daɗe, dogayen benaye biyu ne suna kallon juna, an rufe tsakaninsu da gilashi. Da dare manyan fankoki suna zuƙo iskar waje su cusa ta cikin ramukan da aka bari a cikin daɓen kowane hawa. An yi wa kankaren haƙora kamar na zarto don iskar ta goge shi sosai. Kafin asuba kankaren ya sha sanyi ya ƙoshi. Da rana sai a rage gudun fankokin, iska ta biyo ta kan kankaren ta fito ta ƙasan tagogi, wadda ta ɗumama kuma ta tashi ta fice ta bututai 48 na bulo da ke kan rufin. Kun ga akwai fanka, akwai wuta. Ba tsafi ba ne.

Sagir: To ai shi ke nan, Yaya Bala. Kankare muna da shi, fanka muna da ita, gara kuwa har ta ishe mu.

Injiniya Bala: Abin da ba ka da shi daren Harare. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,500 sama da teku, ya ma fi Jos tsayi. Rana na faɗuwa gari ke yin sanyi. Kano ba ta kai mita 500 ba. A watan Afrilu da rana zafi ya kai digiri 40, da dare ya tsaya wajen 25, cikin gari ma ya fi haka don kwalta da kwano suna ta amayar da zafi. Ka cusa wannan iskar cikin daɓe, me za ta sanyaya? Ba ka taɓa jingina da bangon siminti ƙarfe goma sha ɗaya na dare a bazara ba? Kamar tanderun gurasa.

Malama Zainab: Ni kuma maganar garar ce ba ta kwanta min ba. Wani masani, Scott Turner, ya daɗe yana binciken suri a Namibiya, ya gano cewa ba don sanyaya gida gara ke gina shi ba. Aikinsa ya fi kama da na huhu, iskar da ke kaɗawa a waje ce ke musanya ta ciki, zafin gidan kuma yana bin zafin ƙasar da ke kewaye da shi. Wato ginin ya yi aiki, amma labarin da aka jingina shi a kai ba daidai ba ne.

Sagir: Malama, kin kashe min bidiyo.

Malam Isufu: Ku gafarce ni, na shigo a makare, daga Damagaram. Injiniya, ka yi gaskiya amma ka wuce gona da iri. Shekara ba Afrilu kaɗai ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dararenmu har bargo ake ja. Kuma me ya kai mu Harare? A Dandaji, jihar Tawa a nan Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, suka mai da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, an gama a 2018. Kakanninmu da tubali da azara suka yi soraye masu kaurin bango, ka shiga zaure da azahar ka ji kamar an zuba maka ruwa.

Injiniya Bala: Malam Isufu, su kakannin namu a ina suke kwana a bazara? A tsakar gida, kan tabarma, don soron ya ɗauki zafin yini. Kuma zaure ba shi da firji goma, da mai gyaran gashi, da mai sayar da waya da fitilu ashirin a kunne. Wannan ita ce wahalar ginin da ya haɗa shago da ofis da gidan kwana: ofis ya tashi ƙarfe biyar a samu dare a sanyaya shi, amma mai gida a hawa na uku a lokacin yake son barci. Ga ƙurar hunturu, matatar fankokin sati ɗaya za ta toshe.

Malam Isufu: Matata ai wankewa ake yi. Esin ma ba a wanke shi?

Hajiya Rabi: Ku dakata. Ni ina da fili, shaguna takwas nake so a ƙasa, ofis a sama. Mai zanen ya kawo min gaba duk gilashi mai shuɗi, ya ce shi ake yayi. In sa esi ko kar in sa?

Injiniya Bala: Za ki sa, Hajiya, amma ƙarami, kuma ba duk shekara ba. Abin da ya kamata a ɗauko daga Eastgate shi ne fuskarsa: tagogi ƙanana, kowacce da rumfar kankare a kanta, rana ba ta dukan gilashi kai tsaye. Ki sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ki shafa fenti mai haske, sola ta ɗauki nauyin rana tunda lokacin ne shaguna ke cin wuta. Gilashin nan kuwa, ina filin yake kallo?

Hajiya Rabi: Yamma. Titin ta nan yake.

Injiniya Bala: Inna lillahi. Kar a sa bulo ko ɗaya tukuna, turo min zanen.

Sagir: Ni dai har yanzu ban janye ba. A Jos fa?

Injiniya Bala: A Jos zan zauna mu yi lissafi.