Tun da na haihu nono bai zo ba, al'ada ma shiru

Assalamu alaikum ƴan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. A Agege nake, wata 8 kenan da haihuwata, ranar na zubar da jini sosai har sai da aka ƙara min leda 3. To tun daga nan ruwan nono bai zo ba ko ɗigo, kunun kanwa, kunun gyaɗa, hulba babu wanda ban sha ba, madarar gwangwani muke ba yaron. Al'ada ma shiru. Ga kasala, shara kawai in na yi sai na kwanta, in na miƙe jiri, kuma duk zafin Legas ɗin nan ko an ɗauke wuta ni da rigar sanyi nake kwana. Gashin hammatata ma ya zube bai sake fitowa ba. Surukata ta ce iska ce. Ya zan yi?

Maman Khalifa: Wa alaikumussalam, sannu baiwar Allah. Jego ne bai sake ki ba, ni sai da na shekara ban ga al'ada ba.

Ummu Sadik: Maman Khalifa ke ai shayarwa kike, ita fa ba ta shayar ba.

Anti Nas: Ƙanwata kar ki zauna da wannan. Akwai wata ƴar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar wake, fituwitari ake ce mata, ita ke fitar da sinadarin da ke kawo nono, ita ke juya al'ada, ita ke ba tayiroyid (wata tsoka a gaban wuya) da tsokokin da ke yin kotisol (sinadarin da ke riƙe ƙarfin jiki) umarni. In mace na da ciki ƙara girma take saboda shirin shayarwa, sai ta fi buƙatar jini, to in aka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa ƙarfin gudun jini ya faɗi ƙasa, wani sashenta yana iya mutuwa. Ciwon Sheehan kenan, sunan likitan da ya yi bayaninsa a 1937. Ban ce shi ne ba tunda ban duba ki ba, amma alamomin nan sun taru da yawa. Ki je asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi miki kusa, ko na LUTH a Idi-Araba, ki nemi likitan homon (irin waɗannan sinadaran jiki), ki fara da labarin jinin nan. Za a gwada kotisol da sassafe, tayiroyid da furolaktin (sinadarin kawo nonon), wataƙila har hoton MRI. Kar ki sayi maganin tayiroyid a kemis, in kotisol ya yi ƙasa shi ake fara gyarawa, in aka juya lamarin akwai haɗari. In amai ko suma ya zo, asibiti a take ko tsakar dare ne.

Mai tambaya: Innalillahi. Anti yana warkewa? Zan sake haihuwa?

Anti Nas: Wurin da ya mutu ba ya dawowa, amma ƙwayoyi na maye gurbin abin da yake fitarwa, yawanci har abada ake sha kuma ƙarfi yana dawowa. Haihuwa tana yiwuwa da taimakon likita. Ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa, shi zai yi wa mama bayani.