Abin da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa suka faɗa a gidan suna

A wani suna da muka je Unguwar Rogo, Jos, hira ta faɗa kan haihuwa ta tiyata saboda wata mai cikin fari da likita ya ce aiki za a yi mata, duk ta tsorata.

Yawancin waɗanda aka taɓa yi wa sun kwantar mata da hankali. Allurar baya ake yi, kina farke kina jin kukan jaririnki, kuma kwana 3 ko 4 a sallame ki. Sun ce ki daure ki tashi ki ɗan taka washegari, yana hana jini daskarewa a ƙafa. In tari ya zo, danne cikin da filo.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne wankan jego. Iyaye sun dage, ga sanyin Jos. Wata nas ta ce a yi wanka da ruwan ɗumi, amma kada a fyaɗa ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinkin, a bar shi a bushe. Ni ma nan na tsaya.

Kada ki ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi har mako 6. Zazzaɓi, wari ko ruwa daga ɗinkin kuwa, asibiti kai tsaye.