Wane karin magana ne ya hau kan "put up with"?

Ɗalibar Funtuwa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shirin jarrabawar JAMB, sai na ci karo da wannan jumla a wajen bita: "She put up with her noisy neighbours for years." An ce a zaɓi kalmar da ta fi kusa da "put up with", amsar kuwa "tolerated". Malaminmu na lesin ya ce ma'anarta haƙuri, har ya ƙara mana da "mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa". Ni dai hankalina bai kwanta ba. Karin maganar ya hau?

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam 'yata. Amsar daidai take, karin maganar ne bai zauna ba. Mai dafa dutse romo yake jira, haƙurinsa na da riba a gaba, kuma yabonsa ake yi. Bature in ya ce "put up with" ba yabo a ciki, ba alƙawarin lada. Abu ne ke damun mutum, ba ya so, amma ya haɗiye ya zauna da shi yana guna-guni a ransa. Shi ya sa za ki yawan jin ta a bakin wanda aka kai bango: "I won't put up with this", wato ba zan lamunci wannan ba. Da ni aka tambaya, "dole ƙanwar na ƙi" zan ba ki.

Inna Mai Waina: Haba Malam, ai haƙurin ma iri-iri ne. Macen da ke zaune da kishiya mai baƙin hali, ka tambaye ta ya gida, za ta ce maka zaman haƙuri take yi. Wane romo take jira? Babu. Kuma dolen nan taka ta yi nauyi. Dole ita ce abin da ba ka da ta cewa a kansa sam, irin su ciwo da haraji. Ita wannan mai maƙwabtan da tana so da ta kai ƙara wajen mai unguwa, ko ta tattara ta bar musu layin. Ta ga dai tashin hankalin ya fi zaman tsada, ta kau da kai. Wannan kawaici ne.

Tsohon Hedimasta: Hajiya, zaman haƙuri ya yi ƙwarai, sai dai ba karin magana ba ne, yarinyar kuwa karin magana ta tambaya. Kawaici kuma ban yarda ba. Kawaici da kunya yake tafiya, irin na uwa a kan ɗan fari ko na suruki a gaban surukinsa. Bature zai "put up with" zafin rana da cizon sauro. Wa ya taɓa yi wa sauro kawaici?

Ɗan Kantin Kwari: To ku bar ni in kawo nawa: zaman doya da manja.

Inna Mai Waina: A'a ɗana. Doya da manja mutum biyu ne, kowa ba ya ga maciji da ɗan'uwansa. A jumlar nan su maƙwabtan ƙila ma ba su san suna damun kowa ba, ita kaɗai ke cin tuwon takaici. Ni wannan karin maganar ma ya daɗe yana ba ni dariya, don 'yan'uwanmu na Kudu gasasshiyar doya da manja suke ci suna santi.

Malamar Sakandare: Ƙanwata, su Baba da Inna za su kwana a nan, bari in ba ki abin da zai fisshe ki a zauren jarrabawa. Kalmomin nan uku a haɗe suke tafiya, ba a raba su. Abin da ake jurewa bayan "with" yake zuwa: "put up with it", ba "put it up with" ba. Ko jiya aka yi abin, "put" ba ta canzawa, babu wani "putted". In aikatau ne zai biyo baya, sai ya ɗauki "-ing": "He puts up with waiting". Sannan ki kula, da an cire "with" magana ta koma wata. "Put up a tent" kafa tanti ne. "She put me up for the night" ta sauke ni ne na kwana a gidanta. "Put off" ɗage abu ne zuwa gaba, "put out" kashe wuta. Kuskuren da na fi yi wa jan biro a takardun yara shi ne "cope up with". Babu ita a daidaitaccen Turanci, "cope with" ake cewa. An gauraya ta ne da irin su "put up with" da "keep up with". Ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce: mai "cope with" ya iya da abin, mai "put up with" yana dai zaune da shi.

Kada kuma ki tsaya fassara "put" daban, "up" daban. Mu ma haka muke yi. Wanda ya ci amana bai tauna komai ba, wanda ya sha kaye bai kurɓi komai ba. A dunƙule ake haddace su, tare da jumlar da aka same su a ciki.

Ɗan Damagaram: Mu da muka yi boko da Faransanci wani tarkon ne da mu. "Supporter" a Faransanci tana ɗaukar ma'anar jurewa, sai ɗalibinmu ya je Turanci ya ce "I can't support him" yana nufin ba ya iya zama da mutumin, alhali abin da ya faɗa shi ne ba zai iya tallafa masa ko goya masa baya ba. Game da karin magana, ni "zo mu zauna, zo mu saɓa" nake gani, tunda zancen maƙwabta ne.

Tsohon Hedimasta: Wannan na bayyana dalilin saɓani ne, malam, bai faɗi yadda aka zauna da shi ba. Af, tunda Malama ta ce ba a raba su: akwai barkwancin da ake jingina wa Winston Churchill, wai an gyara masa rubutu saboda ya ƙare jumla da irin su "with", shi kuma ya mayar da martani da "up with which I will not put". Masu bin diddigi ba su samu hujjar cewa shi ya faɗa ba, amma duk mai jin Turanci ya ji yadda jumlar ta karye da aka tarwatsa kalmomin.

Ɗalibar Funtuwa: Na gode, Allah ya ƙara girma. Bari in gwada: "We have put up with power cuts since last year." Daidai ne? Kuma a Hausa sai in ce muna maneji?

Malamar Sakandare: Jumlarki ta yi. Maneji kuwa ya fi karkata ga "make do with", wato lallaɓawa da ɗan abin da ya samu. Can ne "da babu gara ba daɗi" ke shiga, da "a rashin uwa akan yi uwar ɗaki".

Inna Mai Waina: To Malam Hedimasta, rashin wuta dai na bar maka, wannan kam dole ce. Amma a kan maƙwabta ina nan a kan zaman haƙurina, ko karin magana ne ko ba shi ba ne.