Turbo da Hausa: a taimaka kafin Alhamis

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wani shirin motoci, ranar Alhamis za a ɗora murya. Wasu Amurkawa ne ke musu a kan Toyota Supra da Nissan Skyline GT-R da aka yi wa ƙari. Mai Supra na cewa injinsa 2JZ ya fito daga kamfani da doki 320, da ya sa babban turbo ƙarfin ya ninka har da ɗoriya. "Ƙarfin doki" ba matsala. Turbo fa? Da abin da suke ce wa "boost"?

Malamin Hausa: Zugazugi! Maƙeri na tura iska cikin wuta don ta ƙara ci, aikin ke nan. Sa "zugazugin inji", ɗayan kuma "zuga".

Bakanike: Malam, da girmanka, ba su yi daidai ba. Turbo hayaƙin da inji ya fitar ne ke juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da suke kan sanda ɗaya, ta cusa iska cikin silinda. Hayaƙin da zai tafi a banza aka sa aiki. Wanda bel ke ja daga jikin inji, supacaja, shi ne zugazuginka. In ka ba turbo sunan, me za ka kira wancan?

Malamin Hausa: Zugazugin hayaƙi da zugazugin bel. Magana ta ƙare.

Bakanike: Je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka ce a ba ka zugazugin hayaƙi, ka ga ko ba unguwar maƙera za a nuna maka ba.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan turbo muke cewa. Amma ɗan'uwa, kula da dokin. Na Ingilishi wat 746 ne, na Jamus da Japan kusan 735. Shi ya sa doki 280 da kamfanonin Japan suka amince kada su wuce a talla, daga 1989 zuwa 2004, yake komawa 276 a bakin Ba'amurke. Kuma in sun ɗora mota a na'urar gwaji, ƙarfin da ya iso taya suke karantawa, bai kai na inji ba, giya ta ci rabonta.

Malamin Hausa: Kun ga abin da nake faɗa kullum. Totur, birki, salansa, kafireto, duk aro. Yaushe Hausa za ta tsaya da ƙafarta? Kakanninmu da suka ga jirgi na tashi, jirgin sama suka ce.

Bakanike: Su ne kuma suka ce mota. Ku a jami'a ku ƙirƙira, mu a gareji mu sha baƙin mai, sai ku ce ba mu iya Hausa ba.

Malamin Hausa: Ni ban ce ba ka iya ba, Oga.

Mai fassara: Don Allah a yi haƙuri, lokaci na tafiya. Zan bar turbo yadda yake, in yi bayaninsa sau ɗaya a farko. Zan raba "doki a taya" da "doki a inji". "Zuga" kuwa na ɗauka, Malam, don "ya ƙara wa injin zuga" ya zauna a baki.

Bakanike: Matsin iska ya fi, tunda da ma'auni ake auna shi. Amma ba laifi.

Malamin Hausa: To. Ni dai zugazugi zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.

Mai fassara: Saura ɗan jinkirin nan da ake samu bayan an taka totur kafin turbo ya kama. Akwai mai kalma?