Gindin titaniyom mai ruwan zinare: in yi masa feshin yashi ko in bar shi?

Maman Nabila: Assalamu alaikum. Ina da hular turmi (murfin haƙorin tauna) ta zakoniya, wani farin tangaran mai ƙarfi, da zan manna a kan gindin titaniyom, wato guntun ƙarfen da ke haɗa hula da dashen haƙori, likita na jira. Gindin mai ruwan zinare ne, kuma takardar kamfanin ta ce ba sai an yi masa feshin yashi don ya yi kaushi ba. Amma malamin da ya koya mini aiki bai taɓa manna komai a kan titaniyom ba sai ya fesa. Ina da firaima (ruwan da ake shafawa kafin siminti) mai MDP, sinadarin da ke haɗa rezin da ƙarfe, da simintin rezin mai daskarewa ko babu haske. In na fesa launin zai tafi, in na bari ina tsoron hula ta fita a bakin mutum. Don Allah wanda ya taɓa aiki da irinsa ya taimaka.

Abu Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ki sa wa cikin hular asid ɗin HF (haidurofulorik) na daƙiƙa 20, ki wanke, ki shafa silen, sinadarin da ke haɗa rezin da gilashi, shi ke nan.

Likitar Haƙori: Malam, zakoniya fa ta ce. HF tangaran mai gilashi yake ci, zakoniya kuwa babu gilashi a cikinta. Kuma in ya taɓa titaniyom ɓata shi yake yi. Maman Nabila, ni ina fesawa. Titaniyom da iska ta taɓa shi yake yin wata siririyar fata ta okisayid, ita ce MDP ke kamawa da kansa na fosfet, ɗaya ɓarin kuma ya haɗu da rezin. Kamfanin Kuraray ne ya fito da MDP a 1981. Amma riƙon sinadari kaɗai a kan ƙarfe mai santsi yana raguwa in ya daɗe cikin yawu da zafi da sanyi. Ki sa yashin alumina mai girman ƙwaya maikiron 50, matsin iska bar 2, tazarar santimita 1. Ki ɗaura gindin a kan analog, wato kwafin dashen da ake aiki da shi a ɗakin haɗawa, ki rufe wuyansa da mahaɗarsa da kaki, ki fesa bututun da hula za ta hau kawai. Siminti zai rufe wurin, zinaren ya tsira a inda dasashi yake taɓawa.

Tsohon Hannu: Maikiron 50 shafa ce kawai. Ni 110 nake sawa tun kafin a fara wannan yayin na gindi.

Likitar Haƙori: Baba, 110 yana cinye tsagin da ke hana hula juyawa, sai ta riƙa lilo.

Baban Ilham: Ku bar batun girman yashi, ku duba iskarku. Na yi aiki ƙarƙashin wani mai ɗakin haɗa haƙori, muna yin komai bisa ƙa'ida: feshi, wanki da sifirit, firaima, siminti. Sai huluna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. In ka leƙa, simintin duk yana manne a cikin hular, titaniyom ɗin kuwa fes, ko ɗigo babu. Wannan ai ya nuna inda riƙon ya karye. Na ɗauki madubi na hura masa iskar da muke busar da aiki, sai ga tabon mai ya bazu a kai. Kwamfuresan, injin iskar, ne ke tofar da mai da ruwa, matacinsa ya mutu. Na kai masa madubin har teburinsa. Ya ce hannuna ne ba shi da kyau, ya cire kuɗin sake aikin daga albashina, ƙarshe ya sallame ni a gaban yaran da ni na koya musu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Allah ya isa.

Abu Sadiƙ: Allah ya saka maka, Yaya. Ni kuwa na koma wani nau'in feshi da ake kira CoJet, yashinsa mai maikiron 30 yana dasa silika a jikin ƙarfen, sai silen ya samu abin kamawa.

Tsohon Hannu: Ɓarnar kuɗi ce, tsadarsa ta fi amfaninsa.

Abu Sadiƙ: Wace tsada, Baba? Sake hula ɗaya ya fi shi ciwo a aljihu.

Ɗan Koyo: Baba zai fesa 110, Abu Sadiƙ ya zuba HF, kafin Maman Nabila ta dawo babu sauran gindin da za a manna 😂

Tsohon Hannu: Yaro, yi shiru ka koya. Kuma da girmamawa, Likita, ku a baki kuke ganin aiki ya gama. Mu ne ke riƙe da bututun feshi.

Likitar Haƙori: In ya fita wurina mara lafiya yake zuwa, Baba, ni nake ganin fuskarsa. Kuma na sha karɓar aikin da aka goge da asid ɗin fosforik wai tsafta, alhali fosfet ɗinsa yana zaune daidai inda MDP zai kama.

Maman Nabila: Na gode duka. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan takardar kamfanin. In na fesa aka samu matsala, za su karɓi ƙorafina?

Baban Ilham: Ƙanwata, kafin kamfani, tambayi likitanki tsawon gindin da ya zaɓa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. A aiko maka da guntun gindi, a ce ka ɗora masa doguwar hular turmi, ga mutum mai cizon haƙora cikin barci, kuma ba a rubuta maka ba. Babu firaimar da za ta riƙe wannan. Ya ɓalle, sunan mai haɗawa ake fara kira.

Likitar Haƙori: To ku ma ku riƙa dawo da aikin kuna cewa ba zai yiwu ba mana.

Baban Ilham: Wanda ya dawo da aiki, Likita, gobe wani ɗakin za a kai wa. Ke nawa kika taɓa karɓa da aka dawo miki da shi ba ki ji haushi ba?