Shimfiɗar cikin jijiyoyin jini: duk iri ɗaya ce?

Ɗalibar lab: Assalamu alaikum malamai. Ƙwayoyin endoteliyam da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini ai asalinsu ɗaya. To me zai hana a ɗauki HUVEC, wato ƙwayoyin endoteliyam na jijiyar cibiyar jariri, a gwada yadda jajayen ƙwayoyin jini masu maleriya ke mannewa a ƙwaƙwalwa?

Malamin anatomi: Wa'alaikissalam. Uwa ɗaya ce, amma kowa da gidan da ya tashi. Daga mesodam, shimfiɗar tsakiya ta ƙwayoyin tayi, suke fitowa. A tayin ɓera ana fara ganinsu wajen kwana 7 da rabi a jakar gwaiduwa, inda furotin ETV2 ke tayar da VEGFR2, mai karɓar saƙon tsirar jijiya. In aka cire VEGFR2, tayin kan mutu kafin kwana 10, babu jijiya. Rabuwar kuma da wuri take: tun 1998 aka nuna jijiyoyi masu kai jini daga zuciya suna da furotin ephrin-B2, masu dawo da shi EphB4, tun jini bai fara gudana sosai ba. Furotin Notch ke riƙe da halin masu kai jinin, furotin COUP-TFII kuma na masu dawo da shi. Sauran tarbiyyar, gaɓar da suka sauka ce ke yi. Na hanta ramuka ne a jikinsu, kusan nanomita 100, kuma su ke haɗa Factor VIII, furotin daskarar da jini. Na ƙwaƙwalwa furotin claudin-5 ya ɗinke su tsaf, sukari ma sai ta ƙofarsa, GLUT1, yake wucewa.

Mai binciken maleriya: Matsalarki wurin makama take. PfEMP1, furotin da ƙwayar cutar ke ɗora wa jan ƙwayar jini, yana kama CD36, ICAM-1 ko EPCR, furotin da ke saman ƙwayoyin endoteliyam. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa CD36 kaɗan gare su, kuma maleriyar ƙwaƙwalwa an fi danganta ta da EPCR da ICAM-1. HUVEC babbar jijiyar tayi ce, ba ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba. Auna TEER, ma'aunin matsewar shingen ƙwayoyin da lantarki (a ohm·cm²), ki gani: HUVEC ba ya kai 100, shingen ƙwaƙwalwa mai rai ya haura 1000. Ki nemi hCMEC/D3, ƙwayoyin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan adam da ake rainon su a lab, ko da yake shi ma shingensa na yoyo. Kuma sai kin sa TNF, furotin mai tayar da kumburi, ya kwana a kansu, in ba haka ba ICAM-1 ba zai tashi ba, ki zaci ba a mannewa.

Ma'aikacin lab: Ƙari kaɗan, ƴar'uwa. Ko na ƙwaƙwalwar aka ciro, a faranti da sauri suke manta gida, don babu perisait da astirosait, ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, babu gudun jini. Kada ki yawaita dashensu daga faranti zuwa faranti. Wajen tace su daga sauran ƙwayoyi kuma CD31, alamar endoteliyam, kaɗai bai isa ba, fararen ƙwayoyin jini ma suna da shi. Ki fitar da masu CD45, alamar fararen ƙwayoyin jini, tukuna.