Manhajata tana mutuwa in ta taɓa kalandar Android

Sabon-shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramar manhaja ta Android da za ta riƙa tuna wa ɗaliban islamiyyarmu lokacin darasi. Na sa READ_CALENDAR (izinin karanta kalanda) a manifest, wato fayil ɗin da manhaja ke bayyana izinin da take buƙata, amma da zarar ta taɓa kalanda sai ta mutu. A tsohuwar wayar yayana kuwa lafiya lau take aiki. Ina matsalar take?

Mai-gyaran-waya: Wa alaikumus salam. Tun Android 6.0 a 2015, manifest kaɗai ba ya isa, sai ka nemi izinin mai wayar da requestPermissions yayin da manhajar ke gudana. Wayar yayanka ta girmi wannan doka ne kawai.

Tsohon-hannu: Ƙanena, in darasin duk Asabar yake maimaituwa, teburin Events na bayanan kalanda sau ɗaya zai nuna maka shi. Teburin Instances, mai nuna kowane maimaici, za ka tambaya, ka ba shi farko da ƙarshen lokacin cikin milisakan. In kuma saka darasi kawai kake so, Intent na ACTION_INSERT, wato saƙon da ke buɗe manhajar kalandar wayar don mai wayar ya adana darasin da kansa, ya wadatar, ba ruwanka da neman izini. Ni shi na fi so, don mutanenmu ba sa yarda da manhajar da ke leƙa musu kalanda.

Sabon-shiga: Allah ya saka da alheri, Yaya. Bayan isha'i zan gwada Intent ɗin.